Injin Wanki Ma Yana Bukatar Wanki

A wannan wata muna so mu tattauna ne a kan wani baƙo da ya shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan, ya sami wurin zama a lungun tsakar gida ko kusa da banɗaki, wato injin wanki. Lokacin da muke samari, in ka ce za ka ƙidaya gidajen da ke da shi a Sabonjida, yatsun hannu sun ishe ka. Yau kuwa ya shiga cikin kayan ɗakin amarya, ana jera shi tare da firij da talabijin. Wani ɗansa ne ya aiko masa daga Ankara ko Kumasi, wani kuma ya sayi na hannu wanda aka gama amfani da shi a Turai. Baƙo dai an karɓe shi hannu bibbiyu, amma ga alama ba a tambaye shi irin abincin da cikinsa ke ɗauka ba, domin ƙorafin da ake yi a kansa ya fara yawa.

Ƙorafin nan kusan iri ɗaya ne ko'ina ka je, daga nan har Zogbeli da Lamashegu. Wata uwargida ta ce ta sa farar rigar Juma'ar maigida a inji, ta fito da ɗige-ɗige masu ruwan toka kamar an yayyafa mata miyar kuka. Wata ta ce da zarar ta buɗe murfi sai wani wari ya buge ta, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Wata kuma tawul ɗinta ne ya yi laushi sumul amma ya daina shan ruwa, kana goge jiki yana tura ruwan gaba. Mu malaman makaranta ma muna ganin namu rabon ranar Litinin da safe in yara sun yi layi. Yunifom yana tashin ƙamshi tun daga nesa, amma ga farin zane-zane a jikin wandon nan mai ruwan ƙasa kamar an goga alli, ga wuyan riga dauɗarsa ba ta fita ba, wasu yaran kuma sai sosa wuya suke yi har a tashi.

Da yawa sukan ɗora laifin a kan injin, su ce na jabu ne, ko su ce ya tsufa. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In muka bi sawun abin a hankali, za mu tarar cewa mafi yawan lokaci abin da ake zuba wa injin ne ya yi masa yawa, ruwan da zai fitar da shi kuma ya yi kaɗan.

Kafin mu kai ga wannan, yana da kyau mu tuna yadda iyayenmu mata suke wanki, domin a can ne amsar take. Mace takan jera baho uku a gindin bishiyar dalbejiya: na jiƙo, na cuɗa, da na ɗauraya. Sabulunta ko dai yankin Key Soap ne, wanda mai tebur ke yanka mata daga doguwar sanda daidai kuɗinta, ko kuma sabulun salo, wanda mutanen kudu ke kira alata samina, da ake yi da tokar ɓawon koko ko na ayaba a haɗa da man kwakwa ko man kaɗe. Ba ta da cokalin awo, hannunta ne ma'auninta. In sabulu ya yi yawa, santsi zai gaya mata tun kafin ta matse, sai ta ƙara ruwa. Ba ta shanya tufa sai ta ga ruwan ɗauraya ya fita garau, yatsunta kuma sun daina zamewa a kan zare. Daga nan sai bula da sitaci in farin kaya ne, a shanya a rana, shadda a kai wa masu bugu, sauran a bi su da dutsen guga na gawayi. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ma ba a zubar da shi, da shi ake jiƙa kayan gaba ko a yayyafa tsakar gida don ƙura ta kwanta.

Wannan tattali ba haka kawai ya zo ba. Manyanmu ba sa mance shekarar 1983, shekarar fari da gobarar daji, wadda a cikinta ne aka koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Nijeriya. Wasunmu muna goye a lokacin, wasu ba a ma haife su ba, amma mun tashi muna jin labarin dogon layin da ake bi saboda sandar sabulu ɗaya. A zamanin nan ne mata suka riƙa dafa sabulun soda a gida, mai cin hannu har aka yi masa laƙabi da "kar ka taɓa ni". Akwai kuma wani dunƙulalle mai tauri da aka raɗa wa suna naushin Azuma, don tunawa da ɗan damben nan Azumah Nelson da ya ci kambun duniya a 1984. Wanda ya yi wanki da irin waɗannan ya san ƙimar kowane ɗan guntu. 'Ya'yansu da jikokinsu kuwa sun tashi sun tarar da garin omo a leda-leda a kowane kanti, ga kwalaben ruwan ƙamshi kala-kala, sai hannu ya saki.

To, bari mu ɗan koma aji, tunda aikinmu ke nan. Sabulu mai ne ko kitse da aka dafa da ruwan toka ko soda. Kowane ƙwayarsa, wadda ido ba ya gani, tana da kai biyu: ɗaya yana son maiƙo, ɗaya yana son ruwa. Kan da ke son maiƙo ya kama dauɗar da ke jikin tufa, ɗayan ya riƙe ruwa, in ruwan ya tafi sai ya ja su gaba ɗaya. Ke nan aikin sabulu shi ne ya ɓanɓaro dauɗa, ruwa ne ke fitar da ita daga tufa. In ruwan bai isa ba, dauɗar da sabulun duka suna nan inda suke, sai dai sun canja wurin zama. Wannan ita ce maganar da muke so mai karatu ya riƙe, domin duk sauran bayanin a kanta ya hau.

Sabulu yana da rauni guda. In ya gamu da ruwa mai zartsi, wanda ke ɗauke da sinadaran kalsiyam da maganiziyam daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, sai ya tsinke kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami, ya bar wannan dauɗa mai kauri da muke gani a gefen bokiti. Jamusawa ne suka fara haɗa abin wanki ba da kitse ba a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda mai ya yi musu ƙaranci. A 1946 garin Tide ya fito a Amurka, a shekarun 1950 kuma kamfanin Unilever ya fito da garin Omo, wanda ya iso mana har sunansa ya zama sunan kowane garin wanki, ko wane kamfani ne ya yi shi. Shi irin wannan gari ba ya tsinkewa a ruwa mai zartsi kamar sabulu. Amma ba dukan abin da ke cikin leda ne mai wanki ba. Akwai gishirin soda, ɗan'uwan kanwarmu, akwai wani gishiri da ake cika awo da shi don garin ya riƙa zuba ba tare da dunƙulewa ba, wasu kuma suna ɗauke da wani lallausan garin ma'adini da ba ya narkewa a ruwa ko kaɗan, sai dai ɗauraya ta kwashe shi. In aka zuba fiye da abin da ruwan zai iya ɗauka, ragowar ce ke fitowa fari-fari a kan wandon ɗan makaranta.

Sai maganar kumfa, wadda ta yaudari mutane da dama. Garin da ake yi domin wankin hannu, da gangan ake sa shi ya yi kumfa mai yawa, saboda masu yin sa sun san mai saye da ido yake auna ƙarfinsa. A cikin baho wannan ba ya cutar da kowa. A cikin inji kuwa, musamman mai ƙofa a gaba, wankin yana yiwuwa ne ta hanyar ɗaga kaya sama a sako su ƙasa suna gugar juna. In kumfa ta cika ganga sai ta zama katifa, kayan su yi ta lilo a cikinta ba sa gugar komai. Shi ya sa ake yi wa irin wannan inji garinsa daban mai ƙarancin kumfa, ana kuma rubutawa a jikin kwalinsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yanzu mu zo kan ruwan laushi, wato ruwan nan mai kauri da ƙamshi, shuɗi ko ruwan hoda, da ake zubawa a ƙarshen wanki. Ya bazu ne a Amurka a farkon shekarun 1960, bayan mutane sun lura sabon garin wanki yana barin tufafi da kaushi, nau'in Comfort kuma ya fito a Ingila a 1969. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, ruwan laushi ba ya wanke komai. Omo an yi shi ne don ya shiga ya fita, shi kuwa an yi shi ne don ya zauna. Asalinsa maiƙo ne da ake sarrafawa daga kitsen shanu ko man kwakwar manja, yana lulluɓe kowane zare da siririn shafi, shi ne laushin da hannu ke ji. To, zaren da aka shafe da maiƙo yau, aka ƙara gobe, aka ƙara jibi, ta ina zai sha ruwa? Dalilin da ya sa tawul ya daina aikinsa ke nan, haka ma nafkin ɗin jarirai da rigunan ƙwallon da aka saƙa don su fitar da zufa.

Akwai abin da ya fi wannan. Muna koya wa yara a darasin kimiyya cewa cajin lantarki iri biyu ne, kuma mabambanta suna jan juna kamar maganaɗisu. Ƙwayoyin omo suna ɗauke da caji iri ɗaya, na ruwan laushi suna ɗauke da kishiyarsa. In ɗauraya ta yi kyau, babu omo da ya rage, sai ruwan laushi ya tafi kai tsaye ya kama zare. In kuwa ya tarar da ragowar omo a cikin ruwa, sai su rungumi juna su zama wani danƙo kamar kakin zuma, wanda ba ya wanki, ba ya sa laushi, ba ya kuma narkewa a ruwan sanyi. Masu gyaran inji a Ostireliya da New Zealand har suna suka ba shi, suna ce masa scrud. Wanda ya zuba omo da ruwan laushi a lokaci guda don ya rage wa kansa aiki, kuɗinsa biyu ya haɗa suka kashe juna, ya kuma sayi na uku, wato kuɗin mai gyara.

A garinmu danƙon nan ba ya rasa abokan tafiya. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauke mana ƙura, ga jar ƙasar hanyoyin unguwa da babura ke tayarwa, ga man kaɗe da basilin da muke shafa wa kanmu da yara don kada fata ta tsage. Da Maris da Afrilu sun kama, zafi ya kai digiri 40, sai zufa ta karɓi aiki. Duk waɗannan suna shiga inji tare da tufafi, tare da burbushin zare, su sami danƙo su manne. Inji mai sarrafa kansa kuwa ganga biyu gare shi: ta ciki mai huji-huji wadda muke gani tana ƙyalli, da ta waje mai riƙe ruwa wadda ba mai ganinta sai an kwance. Tsakaninsu akwai duhu da laima da ɗumi, wato gidan da funfuna da ƙwayoyin cuta suka fi so. Daga can warin yake tasowa, daga can kuma ɓawon ke ɓallewa ya hau farar riga.

Mun ga wannan da idonmu a rumfar wani mai gyara da ke kan hanyar kasuwar Aboabo. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ce ta roƙe mu mu raka yaronta ya kai injinta a keken kaya, ita ma ta biyo mu daga baya. Da mai gyaran ya zare gangar ciki sai ya yafito mu, ya ce, "Ticha, zo ka ga inda Hajiya ke wanke kayan sallarta." Bayan gangar duk ya yi ɓawo mai ruwan toka da baƙi, ya sa tsohon cokali yana kankarowa kamar ƙanzon tukunyar tuwo. Ya ce, "Mota lafiya lau, bel lafiya lau. Hajiya, injinki ba ciwo gare shi ba, ƙoshi ne ya yi masa yawa." Ita kuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, ai ni gani nake in ban cika ludayi uku ba, ban yi wa kayan adalci ba. Da can da hannuna nake yi, in ya yi yawa ina ji. Yanzu rufewa nake yi in tafi kicin." Ba mu taɓa jin wanda ya bayyana matsalar a taƙaice kamar yadda Hajiya ta yi ba. Inji ya ɗauke mana cuɗa da matsa, amma ba shi da fatar da zai ji santsi, saboda haka awon da hannu ke yi da kansa, yanzu tilas mutum ya yi shi da hankalinsa kafin ya rufe murfi.

Mai gyaran ya ƙara nuna mana wani inji mai baho biyu, irin wanda ya fi yawa a gidajenmu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa. Ya cire faifan da ke juyawa a ƙasan bahon, ƙarƙashinsa ma ga danƙon nan dam, haɗe da gashi da tsabar pesuwa da fil ɗin ɗankwali. 'Yar jakar da ke tace zare ta cika ta bushe kamar kilishi, tiyon fitar da ruwa kuma ya tsuke. Ya ce yawancin masu kawo masa ba su ma san jakar nan tana fita ba.

Duk wannan magana da ta yi sauƙi in da ruwa a wadace yake. Ruwan famfon Tamale daga kogin Farar Volta ake jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, a wata ma'aikata da aka gina a 1972 aka faɗaɗa ta a 2008. Garin kuwa bai tsaya jiran kowa ba, ƙidayar 2021 ta nuna Tamale da Sagnarigu a haɗe sun haura mutum 700,000. Ƙasarmu kuma ba ta da arzikin ruwan ƙarƙashi, sau da yawa a haƙa burtsatse a tashi a banza, wani in an samu ma ya zo da zartsi. Kowa ya san yadda unguwa kan yi kwanaki famfo bai ɗigo ba, a koma sayen ruwan tanka da na 'yan rawayen jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor. Inji mai ƙofa a gaba yakan sha kimanin lita 50 a wanki ɗaya, wato jarka biyu ko fiye, mai buɗewa ta sama ya fi haka ci. Matar da ta sayi ruwa da kuɗinta, tana ɗaga bokiti tana zubawa a baho, a ina za ta yi tsimi? A wajen ɗauraya za ta yi, tunda shi ne matakin da ido ba ya ganin amfaninsa nan take. Sai a wayi gari omo ya ninka, ɗauraya ta ragu, alhali kuwa kamata ya yi a juya lissafin. Kowane ludayin omo da aka ƙara bashin ruwa ne aka ci, in ba a biya shi da jarka ba, za a biya shi da fatar yaro ko da injin kansa.

Ruwan ma ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da awonsa. Ruwan sama da muke tara a randa da tanki lokacin damina, da ruwan kogi, ba sa faɗa da sabulu, ɗan kaɗan ya ishe su. Na burtsatse mai zartsi yana bukatar ƙari, yana kuma barin farin ɓawo irin na cikin butar shayi. Gwajin ba wuya: a zuba ruwa rabin kwalba, a sa ɗan ƙanƙanin sabulu, a girgiza. In ya yi kumfa nan da nan, ruwan mai sauƙi ne, a rage omo. In ya yi fari-fari kamar tsinkakken nono ba kumfa, mai zartsi ne. Ruwan dam kuwa, wanda wasu ke komawa gare shi da rani, a bar shi ya kwana ya kwanta tukuna, in ba haka ba laka ce za a ƙara wa danƙo.

Akwai wani gefe da bai kamata mu tsallake ba, tunda da kayan nan muke tsayuwa sallah. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ishmawi ya san an raba ruwa kashi-kashi, kuma ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canja saboda wani abu mai tsarki da aka zuba masa, shi mai tsarki ne a kansa amma ba ya tsarkake wani abu. A mazhabarmu ta Malikiyya da tsantsar ruwa ake gusar da najasa. To, ga inji nan ya fara da ruwan omo, ya ƙare da ruwan da aka zuba wa ruwan laushi mai launi da ƙamshi. Hukunci na malamai ne, su za a tambaya. Abin da muka gani a wurin iyayenmu dai shi ne, zanen da yaro ya yi wa fitsari, a gefe ake fara zuba masa ruwa zalla a wanke wurin, kafin ya shiga cikin sauran kaya. Wannan ɗabi'a ba ta tsufa ba don an sayi inji. Ƙamshi yana iya rufe wari, amma ba ya gusar da abin da ya kawo warin.

Me za a yi ke nan? Na farko, a sami awo guda a ajiye kusa da inji, ko murfin kwalba ne ko ƙaramin kofi, a karanta abin da aka rubuta a jikin leda, wanda bai iya ba ya sa ɗan makaranta ya karanta masa. In ruwan mai sauƙi ne kuma kayan ba su yi dauɗa ƙwarai ba, a rage a kan abin da aka rubuta, a duba sakamako. A dama garin a kofin ruwan ɗumi kafin a zuba. Na biyu, a kakkaɓe ƙura a waje, kayan da suka yi dauɗa sosai a jiƙa su a baho, wuyan riga a ɗan cuɗa shi da sabulun sanda, maimakon a ce ƙarin omo zai yi aikin. Na uku, kada a danƙara kaya har baki, a bar wurin da tafin hannu zai shiga a tsaye. Na huɗu, ruwan laushi in har za a sa, murfi guda a tsinka shi da ruwa, a ɗauraya ta ƙarshe kaɗai, kuma a raba shi da tawul da kayan jarirai. Batakarinmu na saƙi kuwa a bar shi da wankin hannu kamar yadda aka gada.

Na biyar, shi injin kansa a ba shi ranarsa sau ɗaya a wata. Mai dumama ruwa da kansa a kunna shi ba kaya a ciki, a kan digiri 60. Mai baho biyu, tunda jikinsa roba ne, a dafa ruwa a sirka shi kada ya wuce digiri 50, a zuba a bar shi ya juya, sannan a sake. A zare ɗan akwatin zuba omo a goge shi da tsohon buroshin haƙori, a buɗa leɓen robar bakin ƙofa a share cikinsa, a kwance matatar da ke ƙasa, a zazzage jakar zare bayan kowane wanki. Farin ɓawon zartsi ruwan lemun tsami ko binega na narkar da shi, funfuna kuma ɗan Parazone na kashe ta. Amma a nan muna jan kunne da babbar murya: kada a kuskura a haɗa Parazone da binega ko lemun tsami ko ruwan wanke masai, domin haɗuwarsu na tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Kowanne da ranarsa, a ɗauraye tsakani. Da an gama wanki a kwashe kaya nan take, in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki kada a bar su su kwana a ruwan omo. A bar murfi a ɗan buɗe iska ta shiga, tare da sa ido kan ƙananan yara kada su mai da ganga wurin ɓuya.

Wannan aiki ba na mata ba ne su kaɗai. Maigida ne yawanci ke sayen injin, shi ke biyan kuɗin tanka, shi za a miƙa wa takardar mai gyara, saboda haka babu abin kunya in ya tsuguna ya kwance matata ranar Lahadi. Haka kuma muna roƙon iyaye kada zuwan inji ya sa a daina koya wa yara wankin hannu, maza da mata. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017, 'ya'yanmu da yawa suna tafiya makarantun kwana, inda ba abin da ke jiransu sai bokiti da sandar sabulu da layin ruwa. Mu ma da muka yi kwalejin horon malamai ta Bagabaga, da bokiti guda muke wankin Asabar, a nan muka koyi raba ruwa kashi uku tun kafin a jiƙa riga. Yaron da ya san santsin sabulu a yatsunsa, ran da ya girma ya sayi nasa injin, ba sai an gaya masa awo ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, in dai an horar da shi tun da wuri.

Kada wankin hula ya kai mu dare, bari mu dakata a nan. Wanda ke da inji a gida ya daure a wannan mako ya zare akwatin omo ya leƙa bayansa, ya kuma shinshina cikin ganga, abin da ya gani shi zai gaya masa ko maganar nan ta shafe shi. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya tsarkake mana tufafinmu da zukatanmu, Ya sa mu ga wata mai zuwa lafiya, amin.